Masu Karatun Ruwa a Ƙoramun Aberdare

A tsakiyar ƙasar Kenya, dab da layin ikwaita, akwai jerin tsaunukan Aberdare, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 4,000. Daga can ƙoramu irin su Gura da Mathioya ke gangarowa, ruwansu garau, da sanyi har cikin ƙashi. A nan kifin tirawut yake zaune. Asalinsa ba ɗan ƙasa ba ne: a 1905 wani Bature mai suna Ewart Grogan ya sa aka kawo ƙwansa daga Birtaniya aka zuba a kogin Gura, don Turawan mulkin mallaka su sami abin nishaɗi. Mulkin ya ƙare, kifin ya zauna, gwanintar kama shi kuma ta shiga hannun 'yan ƙasa, waɗanda yanzu su ne ke yi wa baƙi jagora.

Tirawut kifi ne mai tsada wajen zaɓen mazauni. Tarwaɗa kan jure taɓo da ruwan ɗumi, amma shi da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Salsiyas sai ya fara galabaita, domin ruwan sanyi ya fi riƙe iskar oksijin, shi kuwa mabuƙacinta ne ƙwarai. Shi ya sa a Afirka ba a samunsa sai a kan tudu, kamar Kenya da Lesotho da tsaunukan Atlas na Maroko.

To, amma sanin ƙorama ba shi ne sanin inda kifi yake ba, kuma a nan gwanin yake burge ni. Baƙo ya iso bakin ruwa, hannunsa na ƙaiƙayi, ya fara jefa fatsa ko'ina. Gwani kuwa sai ya durƙusa nesa da gaɓa ya yi ta kallo. Ya san halin kifin nan: ba ya son wahala. Kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana neman wurin da abinci zai zo masa har baki ba tare da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen kokawa da gudun ruwa ba, kuma da mafaka kusa wadda zai faɗa idan tsuntsu ya kawo farmaki. Wuraren da suka haɗa waɗannan duka kaɗan ne. Yawancin ruwan ƙorama wofi ne.

Dubi dutsen da ke tsakiyar ƙorama. Kowa zai ce kifi na bayansa, inda ruwa ya lafa, kuma gaskiya ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne gaban dutsen ma akwai makwanci, don ruwa idan ya doki dutse yakan ɗan tsaya kafin ya rabu biyu, sai ya bar wani ɗan wuri mai sauƙi wanda kifi mai ƙarfi kan mallake, tunda shi zai fara ganin duk abin da ya taho. Sai kuma iyakar da ke tsakanin ruwa mai gudu da mai tafiya a hankali. Kifin kan tsaya a ɓangaren da ya lafa, ya leƙa ya cafke ƙwaro, ya koma. Yaya ake gane wannan iyaka? Da kumfa. Inda ka ga farin kumfa ya jeru yana bin hanya ɗaya, nan ruwa ke tara duk abin da ya ɗauko, har da ƙwari. Ga kuma ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ƙwaƙule, da saiwoyin itatuwa, da bakin gurbi mai zurfi inda ruwa ke zubowa cike da iska.

Kafin ya ɗaura koto, gwani yakan ɗaga dutse daga cikin ruwa ya duba ƙasansa, ya ga irin tsutsotsin ƙwarin da ke manne, domin yawancin cin tirawut a ƙarƙashin ruwa yake yi. Koton ma ba tana ba ce. Ƙwaro ne na ƙirƙira, da ake haɗawa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, wani bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kenya ta yi suna a wannan sana'a: dubban mutane na ɗaura irin waɗannan ƙwari da hannu, ana kai su kasuwannin Turai da Amurka.

Saura jifa. Masunci yakan taho ta bayan kifin, yana haurawa sama, a sunkuye, yana kula kada inuwarsa ta faɗa ruwa, yana taka tsakuwa a hankali saboda kifi na jin girgiza ta wata jijiya da ke gefen jikinsa. Sai ya sauke ƙwaron a sama da kifin, ya bar shi ya gangaro daidai da gudun ruwa. Idan zare ya ja shi ko da kaɗan, ya bambanta da na gaske, kifin ba zai ko kalle shi ba. Jifan farko shi ne mai daraja. Na biyar sau da yawa ya riga ya kori kifi.

A ganina mafi kyawun abin shi ne yadda da yawa daga cikin jagororin kan ƙare aikin. Sai su jiƙa hannu kafin su taɓa kifin don kada su goge yauƙin da ke kare fatarsa, su zare ƙugiya, su riƙe shi cikin ruwa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa har ya farfaɗo ya tafi. Waɗannan jagorori su ne kuma na farko da ke gane an sare daji a saman ƙorama, don rashin inuwa kan ɗumama ruwa, zaizayar ƙasa kuma ta binne tsakuwar da kifin ke yin ƙwai a ciki. Duk mai son sanin lafiyar kogin Gura, su ya kamata ya tambaya.