Su a Lokacin da Kifi ke Ƙwai: Ribar Yau, Asarar Baɗi

Wanda ke bin shafukan masu kamun kifi na Amurka a YouTube zai lura da wata shawara da suke maimaitawa duk ƙarshen bazararsu: in kana son cika bokiti da kifin bluegill, ka je lokacin da yake ƙwai. Shawarar tana aiki. Namijin wannan kifi yana haƙa ɗan rami a gefen tabki inda ruwa bai da zurfi, mace ta zuba ƙwai ta tafi, shi kuma ya tsaya gadi. Ramukan suna jere kusa da juna, kuma duk abin da ya faɗo cikin ramin sai namijin ya kai masa cafka, ko da fatsa ce. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da zarar an ɗauke mai gadin, wasu kifayen kan cinye ƙwan. Kuma manyan mazan ne ke fara shiga hannu, har tabki ya koma cike da ƙanana. Shi ya sa a 2016 jihar Wisconsin ta fara gwajin rage yawan irin wannan kifi da mutum zai kama a rana a wasu tabkunanta, a wasu wuraren musamman cikin watannin Mayu da Yuni.

To mu a Kano ba mu da bluegill, amma muna da karfasa, kuma halinsu ya yi kama. Namijin karfasa ma rami yake sharewa a yashi a bakin ruwa. A irin da aka fi sani, mace ce ke kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta kusan mako biyu, ba ta ko cin abinci, har 'ya'yan su iya iyo. In ta faɗa kalli ko birgi a wannan hali, sai ta tofar da su su mutu. Wato masunci ya ga kifi ɗaya a hannunsa, alhali ɗaruruwa ya kashe. Tarwaɗa kuwa ruwan farko take jira: kogi na cika ya malale cikin ciyawa, sai ta hau can ta zuba ƙwai, inda kama ta ke da sauƙi.

A nan ne maganar da ake yi cewa "kifi bai ƙare ba, ga shi ana ta kamawa" ke yaudarar mutane. Kifin da ya taru wuri guda don haihuwa zai ci gaba da cika koma ko da yawansa a kogin yana raguwa. Yawan kamun damina ba ma'aunin lafiyar ruwa ba ne. Girman kifin ya fi faɗin gaskiya, domin karfasa idan ta takura tana fara ƙwai tun tana ƙarama.

Sai dai akwai wata magana ta biyu da mu ma ba mu yarda da ita ba, wadda ke ɗora laifin duka a kan masunci, a ce da an hana su na wata biyu shi ke nan. Wannan magani ne da aka yanko daga tabkunan da ruwansu ke da tsabta. Ku dubi inda ruwan masana'antunmu ke zuwa. Na Sharada da na rukunin Challawa yana gangarawa kogin Challawa, wani ta rafin Salanta. Na Bompai kuma yana bin Getsi ya shiga Jakara, ya ƙare a dam ɗin Wasai. Da yawa daga cikin masana'antun nan na jima ne, kuma ruwan jima na ɗauke da sinadarin kiromiyam, da salfaid, da farar ƙasa, da gishiri, da ragowar nama da gashi. Idan ragowar nan ta ruɓe a ruwa, tana zuƙe iskar oksijin. Babban kifi zai iya gudu ya canza wuri. Ƙwai fa? Yana nan inda aka zuba shi, kuma shi da 'yan tsakin kifi su suka fi kowa rauni a gaban guba.

Ga kuma matsalar lokaci. Da rani, dattin yana taruwa a magudanu ya daskare. Ruwan farko na Mayu da Yuni shi ke wanke shi gaba ɗaya zuwa kogi, kuma daidai lokacin ne kifi ke hawa bakin ruwa don haihuwa. Ka hana masunci shiga ruwa ka bar bututu a buɗe, ai ka hana shi abinci ne kawai, ƙwan kuma bai tsira ba.

Doka ba ita muka rasa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko abin fashewa, ta kuma ba da damar rufe ruwa na wani lokaci. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ruwan da masana'antu ke saki. Al'adarmu ma ta san hutar da ruwa: a Argungu ana tsare Matan Fada daga su har sai lokacin biki, kuma kowa ya ga girman kifin da ake fitowa da shi.

Abin da muke gani ya dace shi ne a haɗa biyun a lokaci guda. Sarakunan ruwa da masunta su ware wuraren da kifi ke ƙwai, a bar su a farkon damina, a daina su da raga mai ƙananan ido irin gidan sauro. A ɓangare guda kuma, a yashe magudanun masana'antu kafin ruwa ya sauka, a auna abin da ke fita daga kowane bututu, a bayyana sakamakon kowa ya gani. Masuncin da ya ga ana auna bututu zai fi saurin yarda ya rataye komarsa na 'yan makonni.

Kai kuma mai saye, in ka je kasuwa da damina ka ga an tara karfasa da ba ta kai tafin hannu ba, tambayi mai kifin daga wane ruwa ta fito.