Wuƙar Damtse da Hannaye Ukun da Suka Yi Ta

Tsohuwar wuƙar damtse, irin wadda mafarauta da makiyayan Tsaskiya da sauran ƙauyukan Safana da Batsari ke ɗaurawa in za su shiga dajin Rugu, ba aikin mutum ɗaya ba ce. Sai ta bi ta hannun maƙerin baƙi, ta leƙa wurin maƙerin fari, sannan ta kwana a rumfar baduku.

Maƙerin baƙi shi ke da ruwan wuƙar. A da tama ake narkarwa, yau kuwa sifirin tsohuwar mota ya wadatar. Gawayin ƙirya yake so, don shi ke riƙe wuta. Yaro na zuga, shi yana kallon launin ƙarfe, da ya yi ja ya ɗora bisa uwar maƙera ya bi shi da masaba. Layukan nan da ake gani sun bi tsakiyar ruwan wuƙa, da kurfi da magagari ake fitar da su, kuma ba ado kaɗai ba ne, suna rage mata nauyi ba tare da ta rasa ƙwari ba.

Daga nan sai ƙota. Maƙerin fari yakan jera faifan tagulla da na jan ƙarfe, ja na bin rawaya, ko ya naɗe ƙotar da siririyar waya, naɗi kusa da naɗi, har ba a ganin itacen. Wanda gumi ya taɓa jiƙa wa tafin hannu ya san amfanin wannan naɗin: wuƙa ba ta suɓucewa.

Amma ni a wurina, sarautar aikin tana ga kube. Baduku yakan nemi fatar jar akuya, irin ta Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme da bagaruwa. Ja daga karan dafi yake fitowa, ɗorawa daga saiwar rawaya, baƙi daga tsatsar ƙarfe, kore kuwa daga garin tagulla. Ya danna zane da bakin ƙarfe tun fatar tana da danshi. Wani wurin ya tsaga layi da wuƙa ya ɓare saman fatar, farin ƙasanta ya bayyana a tsakiyar ja. Wani wurin ya feƙe koriyar fata ta yi siriri kamar zare, ya saƙa ta da basilla. Ya gama da zoben fata da ake zura hannu, daidai kaurin damtsen mai ita, don in ya yi sako-sako wuƙa ta zame, in ya matse jini ya tsaya. Babu ma'auni sai ido.

Sana'ar tana da tsohon tarihi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, bayan ya ratsa Katsina, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa kasuwar birnin kowace shekara, galibi daga garin Solingen na Jamus. A lokacin tsirara suke zuwa. A Kano ake sa musu ƙota da kube, Abzinawa da Fulani da Barebari su saya. A fadar Katsina kuma har yau Gajere, takobin Sarki Korau, yana cikin kayan sarauta.

Masu tara kayan tarihi suna ɗaukaka wuƙaƙen Indiya na zamanin sarakunan Mughal, kuma sun cancanta. A can akan kakkarta ƙarfe da ƙananan layuka, a danna zaren zinariya ya kama, aikin da suke kira koftgari, a sassaƙa ƙota da dutse mai daraja a dasa mata yaƙutu. Wancan na 'ya'yan sarki ne. Badukunmu da kara da saiwa da tsatsa da garin tagulla ya fitar da launi huɗu, a kan abin da makiyayi zai iya saye da kuɗin akuya.

Rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da dama a yankin Safana da Batsari, kuma in mai sana'a ya yi gudun hijira, almajiransa sukan watse. Duk mai irin wannan wuƙa ta gado a gida, kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya shafa wa kuben man shanu, ya tambayi dattawa sunan wanda ya ɗinka shi tun suna raye.