Gadar Zare Cikin Zaɓi Huɗu

Duk lokacin da aka taɓo gasar kacici-kacici irin ta rediyo da talabijin da makarantu, sai ka ga wasu malamai sun taɓe baki. Hujjarsu ba ta sauyawa. Wai karatun aku ne: yaro ya haddace babban birnin Kanada da shekarar da aka fara gasar cin kofin duniya, ya amayar a gaban alƙali, ya karɓi kyauta, gobe ya manta. Yanzu sun ƙara da cewa wayar da ke aljihun kowa ta fi kowane gwani sani. Ni ban yarda ba, kuma ina zargin masu wannan magana ba su taɓa zama sun tsara tambaya ɗaya mai kyau ba.

Tarihin abin gajere ne. Rediyo ce ta raine shi a Amurka da Ingila, talabijin ta zuba masa kuɗi, kuɗin suka kusa kashe shi. A 1959 Charles Van Doren, malami a Jami'ar Columbia da ya yi tashe a shirin Twenty-One, ya amsa a gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka cewa ana ba shi amsoshi tun kafin a shiga fili. Wasan ya farfaɗo da Jeopardy! a 1964 da Mastermind na BBC a 1972, sai Who Wants to Be a Millionaire a 1998, wanda ya iso Najeriya a 2004 a hannun Frank Edoho, har Aroma Ufodike ya lashe naira miliyan 10 a 2009. Gana kuwa tun 1993 take gasar kimiyya da lissafi tsakanin makarantun sakandare. A wajen Bahaushe wasan bai zo baƙo ba, don duk wanda ya yi hirar dare a tsakar gida ya san zafin kasa amsa har sai ya ba da gari.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan fanni shi ne zaɓi huɗu, kuma ba amsar gaskiya ba, amsoshin ƙarya ukun da ke kewaye da ita. Nan ne gwanintar take. Kowa zai iya buɗe littafi ya ɗauko gaskiya. Ƙaryar da za ta yi kama da gaskiya har ta ja mai ilimi, ita ce mai wuyar samu, kamar yadda tsakuwa mai launin shinkafa take wuyar tsinta.

A duba wannan: wa ya rubuta Shaihu Umar? Idan aka jera Abubakar Tafawa Ɓalewa da Pele da Mandela da Hitila, an yi asarar lokaci, ko ɗan firamare zai tsince. Amma a jera Abubakar Imam da Bello Kagara da Muhammadu Gwarzo da Tafawa Ɓalewa. Dukkansu sun fito ne daga gasar rubutun 1933 da Rupert East ya shirya, kowa da littafinsa. Mai amsa dole ya yi aiki. Zai tuna Ruwan Bagaja na Imam ne, Ganɗoki na Kagara ne, sai ya rage masa biyu. Zuciyarsa za ta raya masa cewa Firayim Minista ina shi ina ƙagaggen labari, ta tura shi wajen Gwarzo. Idan ya faɗi, ya faɗi ne saboda wani zato da ya daɗe yana ɗauke da shi bai sani ba, cewa ɗan siyasa ba ya adabi. Tambayar ta fito masa da wannan zato fili. Ina haddar take a nan?

Haka tambayar dala. Wace ƙasa ce ta fi yawan dalar kaburburan sarakunan dā? Bakin kowa zai riga hankalinsa ya ce Masar. Amsa Sudan ce, inda sarakunan Kush suka bar sama da 200 a Meroe da Nuri da kewaye, na Masar kuwa ɗari ne da 'yan kai. Amfanin Masar a cikin zaɓin shi ne shahararta, kuma wanda ta kayar zai tafi da tambaya mafi girma: me ya sa aka koya mini wancan, ba a koya mini wannan ba? A kimiyya ma dabarar ɗaya ce. Makyuri ta fi kusa da rana, hankali ya ce ita ta fi zafi, amma Zara ce, mai zafin da ya haura digiri 450, saboda kaurin iskar da ta lulluɓe ta ba ya barin zafi ya fita. Wanda ya ji wannan sau ɗaya ya kama bakin zaren bayanin ɗumamar yanayi. A wasanni sai a tambayi ƙasar Afirka da ta fara cin zinare a ƙwallon ƙafa na Olamfik, a ajiye Kamaru kusa da Najeriya. Dukansu sun ci, Najeriya a Atlanta a 1996, Kamaru a Sidni a 2000, shekara huɗu kacal ce tarkon.

Akwai kuma tambayar banza, kuma ita ce ta ba masu suka makami. "Wane ne shugaban Najeriya na farko?" Wanne? Tafawa Ɓalewa mai riƙe da gwamnati a 1960, ko Azikiwe da ya zama shugaban ƙasa a 1963, ko Shehu Shagari, na farko mai cikakken iko a 1979? Alƙalin da ya buga ƙararrawa a kan yaro saboda wannan, shi ya faɗi, ba yaron ba. Ita gadar zare ta halal ce idan amsa ɗaya ce tak kuma ana iya kare ta. Idan amsa biyu ce, ha'inci ne. Su ma tambayoyin ranar haihuwar 'yan fim ban sa su a lissafi ba, babu abin da hankali zai kama a cikinsu.

Maganar waya kuwa ba ta da nauyi. A 2011 kwamfutar IBM mai suna Watson ta doke Ken Jennings, mutumin da ya ci Jeopardy! sau 74 a jere. A wannan gasa aka nemi sunan wani birnin Amurka, Watson ta ce Toronto, wanda ke Kanada. Ta ci wasan duk da haka, kuma babu wanda ya daina kallo, kamar dai yadda zuwan babur bai hana gasar tsere ba. Mutane ba amsa suke saurare ba, shirun nan suke saurare da ke tsakanin tambaya da amsa, lokacin da kowa a gida ya riga ya zaɓi tasa.

Inda duk wannan ya kai ni shi ne mai tsara tambaya marubuci ne, kuma mu ba mu ɗauke shi haka ba. Shirye-shiryenmu da yawa aron tambaya suke yi daga intanet, shi ya sa yaro a Gusau ko Maraɗi zai san Kanbera ce babban birnin Ostireliya amma bai san Damagaram ce hedikwatar Nijar har zuwa 1926 ba, ko cewa Zungeru ta riga Kaduna zama cibiyar mulkin Arewa, kuma a can aka haifi Azikiwe a 1904. Irin waɗannan tambayoyi baƙo ba zai iya tsara su ba, don sai wanda ya san kuskuren da Bahaushe zai yi ne zai iya ɗana masa zaɓi uku na ƙarya da za su ja shi. Gidajen rediyo su nemi irin wannan mutum a sassan tarihi da Hausa na jami'o'i, su biya shi, su kuma ambaci sunansa a ƙarshen shiri yadda ake ambaton mai gabatarwa da mai kula da na'ura.