Tsayin Khorkina a Kan Sanduna Biyu

Duk sanda aka zo lissafin gwanayen jimnastik na mata, sai wani ya taso da cewa Svetlana Khorkina tsohon yayi ce, wai da za a auna wasanta da ma'aunin yau, ko kusa da lambar tagulla ba za ta je ba. Masu wannan magana maki suke ƙirgawa, idonsu bai taɓa tsayawa kan wasan ba.

An haife ta a Belgorod ta Rasha a 1979, ta taso a hannun kocinta Boris Pilkin. Ta ci zinare a sanduna biyu a Olamfik na Atlanta a 1996, ta maimaita a Sydney a 2000, ta kuma zama zakarar duniya ta dukkan fannoni a 1997 da 2001 da 2003, abin da ba wadda ta riga ta yi.

Ni dai sandunan ne suka ɗauke mini hankali. Tsayinta kusan santimita 165 ne, a wasan da gajeru suka fi morewa, domin doguwa in ta lilo daga sandar sama sai ƙafafunta su nemi bugun ta ƙasa. Pilkin bai wahalar da kansa wajen mayar da ita gajera ba, sai ya ƙera mata motsin da ke buƙatar tsayin. Dubi haurawar da aka sa wa sunanta. Tana kan sandar ƙasa ta ba ta sama baya, ta zagaya ba tare da ƙugunta ya taɓa sandar ba, ta miƙe ƙafa sama, ta saki. Tana cikin iska take juya rabin jiki, sannan ta cafke sandar sama. Gwiwa a miƙe, yatsun ƙafa a tsuke, kuma dogon jikin ya sa ido na samun zarafin bin motsin daga tafin hannu har ɗan yatsa. Gajera kan yi irin wannan fit, kafin ka ƙifta ido an wuce wurin.

Ana yi mata gorin faɗuwar da ta yi wajen tsalle a Sydney. Amma ai ranar an kafa dokin tsalle ƙasa da ƙa'ida da santimita 5, sai da ta sha ƙasa aka gano. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ɗauke zinarenta na sanduna.

Ta yi sallama da wasa bayan azurfar Athens a 2004. A 2006 aka soke makin goma, aka buɗe lissafin wahala ba iyaka, aka koma tara alkafura. Ban ƙi Simone Biles, tauraruwar wannan sabon tsari, ba, gwanintarta ba ta da musu. Sai dai a ganina, da yau za a kai wa wani koci yarinya mai tsayin Khorkina, wasan kwando zai nuna mata.