Louis Armstrong: Gwanin da Ya San Inda Zai Sauke Sauti

Ranar 28 ga Yunin 1928, makaɗa shida suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin OKeh a birnin Shikago na Amurka, suka naɗi wani kiɗa mai suna West End Blues. Tsawonsa minti uku ne da 'yan daƙiƙu, don iyakar abin da fuska ɗaya ta faifan garmaho ke iya ɗauka ke nan. Kafin kowa ya taɓa kayan kiɗansa, jagoransu Louis Armstrong, ɗan shekara 26, ya ɗaga ƙahonsa ya yi busa shi kaɗai, babu ganga babu fiyano. Ya gangaro, ya haura, ya tsaya can ƙololuwa, ya sake zubowa ƙasa, duk cikin ƙasa da daƙiƙa 20. Yau kusan shekara ɗari ke nan, masu koyon busa suna haddace wannan 'yar buɗewar, kuma kaɗan ne ke fitar da ita yadda ta fito daga bakinsa.

Yawancin mutane sun san Armstrong da faffaɗan murmushi, da farin hankicin share gumi, da murya mai kaushi. Waɗannan ado ne kawai. Asalin gwanintarsa ita ce sanin lokaci: yaushe zai sauke sauti, yaushe zai riƙe shi, yaushe zai bar wuri fanko.

An haife shi a New Orleans a 1901, cikin talauci. A daren shiga shekarar 1913 aka kama shi ya harba bindiga sama, aka kai shi gidan horon yara baƙaƙen fata, inda wani malami, Peter Davis, ya koya masa busa. Kiɗan jaz na New Orleans a wancan zamani aikin gayya ne. Mai ƙaho yana jan karin waƙa, mai kilarinet yana zagaye shi da ado ta sama, mai tirambon yana cike gurbi ta ƙasa, duk lokaci guda. Ba a cika barin mutum ɗaya ya fito fili ya daɗe ba. A cikin wannan tsari ya taso, kuma a kansa ubangidansa King Oliver ya kira shi Shikago a 1922 ya zama mabushi na biyu a ƙungiyarsa.

Da ya fara naɗar fayafayai da sunansa a ƙarshen 1925, da ƙungiyar da aka kira Hot Five, tare da Kid Ory da Johnny Dodds da Johnny St. Cyr da matarsa Lil Hardin a kan fiyano, sai lamarin ya soma sauyawa. Ya nuna cewa mutum ɗaya zai iya tsayawa gaba ya ƙirƙiro sabon kari nan take a kan tsohon ginshiƙi, ya fara shi, ya kai shi tsakiya, ya rufe shi, kunne bai gaji ba. Duk wanda ya san yadda Mamman Shata ke zuba baiti nan take, kalangu na riƙe masa taki, 'yan amshi na jiransa, ya riga ya fahimci rabin aikin. Sauran rabin shi ne, mabushin jaz ba shi da kalmomi, da sauti kaɗai zai yi zancen.

Ga yadda abin yake. Kiɗan da suke kira bulus yana tafiya ne a zagaye mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu. Masu fiyano da banjo da ganga suna riƙe wannan zagaye, ba ya karkata. Mabushin da bai ƙware ba yakan sauke kowane sauti daidai kan bugu, tsaf-tsaf, babu kuskure kuma babu rai. Armstrong kuwa sai ya ɗan makara da gangan, har ka ce an wuce an bar shi, sannan ya tattaro sautuka uku ko huɗu ya cim ma tawaga daidai inda ya dace. Wani lokaci kuma ya riga bugun sauka da ƙiftawar ido. Wannan ja-in-ja tsakanin bugun da ba ya motsi da busar da ke wasa da shi, shi ne abin da ke sa mai sauraro kaɗa ƙafa bai sani ba. Ba a rubuta shi a takarda, don tazarar ta yi ƙanƙanta a ce za a auna ta da alƙalami.

Wanda ke son ya ji wannan ƙarara, ya nemi Potato Head Blues na 1927. A wani wuri sauran makaɗan sukan buga sau ɗaya su yi shiru, su sake bugawa su yi shiru. A cikin wannan shirun Armstrong ke tafiya shi kaɗai, babu mai nuna masa inda bugu yake, amma duk dawowarsu sai su tarar da shi a daidai wurin. Agogon yana cikin jikinsa.

Abu na biyu shi ne tattali. A ƙarshen West End Blues, bayan Earl Hines ya gama nasa a fiyano, Armstrong ya kama sauti guda mai tsini ya riƙe shi har gaɓa huɗu cur, yana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan, sai da mai sauraro ya ƙagu sannan ya sake shi ya zubo a guje. Riƙe sauti ɗaya haka aiki ne na huhu da leɓe, amma sanin cewa nan ne wurin riƙewa aiki ne na hankali. King Oliver, wanda shi ya tsara kiɗan, ya naɗe shi makonni kaɗan kafin nan. In aka jera fayafayan biyu, za a ji bambancin mai faɗar labari yadda aka ba shi da mai sa ka manta ka taɓa jin labarin.

A kuma tuna da irin yanayin da aka yi wannan aiki. Lokacin da ya fara shiga faifai a 1923 tare da Oliver, a garin Richmond na jihar Indiana, ba a fara amfani da makirufo ba. Makaɗa kan taru ne gaban wani ƙaton mazurari, iskar sautinsu ta girgiza allura, allura ta sassaƙa kakin da ke juyawa. Mai ƙarfin busa sai a tura shi baya, mai ganga kuwa a rage masa kaya don kada allura ta yi tsalle. Ko bayan zuwan makirufo, babu yankewa babu liƙawa. In an yi kuskure, sai dai a sake daga farko. Saboda haka abin da ke cikin waɗannan tsofaffin fayafayai, duk da ƙarar ƙarce-ƙarcen da ke ciki, shi ne ainihin abin da ya faru a ɗakin cikin minti uku.

Sai kuma murya. Da ma'aunin mawaƙan zamaninsa, Armstrong ba shi da muryar waƙa ko kaɗan. Amma ya ɗauko dabarar ƙaho ya ɗora wa maƙogwaro: ya jinkirta kalma, ya ja wata, ya haɗiye wata, ya sauya karin da marubucin waƙa ya tsara. A Heebie Jeebies na 1926 ya ajiye kalmomi gaba ɗaya ya rera da gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, salon da ake kira sikat. Ba shi ya ƙirƙiro shi ba, amma wannan faifai ne ya watsa shi. Billie Holiday ta sha faɗa cewa daga fayafayansa da na Bessie Smith ta koyi waƙa, kuma duk wanda ya ji yadda take jan ƙafa a bayan bugu ya san gaskiya ta faɗa. A 1956 aka haɗa shi da Ella Fitzgerald a faifan Ella and Louis, Oscar Peterson na kan fiyano. Muryarta garau, tasa mai kaushi, amma ba su yi karo ba, domin dukansu biyu sun san abu ɗaya: inda za a ajiye kalma.

Tsofaffin finafinai sun adana abin da faifai ba ya nunawa. Akwai hoton da aka ɗauka a Kofanhagan ta ƙasar Denmak a 1933, yana rera Dinah: kafaɗa na motsi, ido a lumshe, jiki duka yana ƙidayar bugu kafin baki ya buɗe. Hollywood ba ta yi masa adalci ba a farko. A wani gajeren fim na 1932 fatar damisa aka sa masa, aka tsayar da shi cikin kumfar sabulu. Amma rufe ido ka saurari busar da ya yi a wannan shigar wulaƙanci, babu inda ya rage mata daraja. Daga baya ya fito da Bing Crosby a Pennies from Heaven a 1936, da High Society a 1956, sannan da Barbra Streisand a Hello, Dolly! a 1969, inda fitowarsa ta 'yan mintuna ce kawai amma ita mutane suka fi tunawa. Matasan makaɗa baƙaƙe sun zarge shi da yawan yi wa Turawa murmushi. Amma a 1957, da aka hana yara baƙaƙe shiga makaranta a garin Little Rock, ya fito fili ya caccaki Shugaba Eisenhower a lokacin da yawancin taurari suka yi gum.

Busa ta ci leɓensa. Shekaru na neman sautuka masu tsini sun sa leɓen ya sha tsagewa, kuma a 1959 ya yi ciwon zuciya a Italiya. Duk da haka bai ajiye ƙaho ba. Tun a 1956 ya je Akra, ya yi wasa gaban Kwame Nkrumah, sannan a rangadin Afirka na 1960 ya zo Nijeriya, har aka ɗauke shi hoto da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. A 1964, yana da shekara 62, waƙarsa Hello, Dolly! ta ture ƙungiyar Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka.

Fayafayansa na tsufa su ne hujja mafi ƙarfi a kan abin da ake faɗa. Gudun nan na 1928 ya tafi, ƙarfin huhu ya ragu, sautukan sun yi kaɗan. Da a ce gwanintarsa sauri ce ko ƙarfi, da ta ƙare tun kafin rasuwarsa a 1971. Amma What a Wonderful World na 1967, inda ko busa bai yi ba, har yau tana kama wanda bai san komai game da jaz ba, saboda kowace kalma ta sauka inda ya ga dama, ba inda takarda ta ce ba.

Mai son koyon sauraro ya gwada wannan: ya sa ɗaya daga cikin fayafayan, ya riƙa buga ƙafa daidai da mai banjo ko mai ganga, kada ya bi ƙaho. Cikin minti ɗaya zai ji Armstrong na shiga gabansa, yana komawa bayansa, yana dawowa su haɗu. Daga ranar zai iya bambance mawaƙin da bugu ke ja da mawaƙin da ke jan bugu, ko a jaz ko a wani kiɗan daban.