"Rana Irin Ta Yau": Wa Ake Tunawa, Wa Ake Bari a Baya?

Masu shirye-shiryen wasanni a rediyo da jaridu sun saba da wata al'ada: su ce yau wane ya cika shekara kaza da haihuwa, ko rana irin ta yau aka ɗaga kofi kaza. Mai saurare yakan ɗauka kalanda ce kawai ke magana, alhali akwai hannun da ke tankaɗe da rairaya kafin labari ya iso kunnensa. Abin da aka maimaita shi ke zama tarihi, wanda aka tsallake kuwa sai ya bi ruwa.

Makon da ya fi nuna haka shi ne na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Ranar 31 ga Yuli, a wasan ƙwallon ƙafa na kusa da ƙarshe, Brazil na gaban Najeriya da ci 3 da 1, sai Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke ana dab da tashi, ya kuma zura ƙwallon da ta raba gardama a ƙarin lokaci. Washegari, 1 ga Agusta, Kanu ya cika shekara 20. Ranar 3 ga Agusta, a wasan ƙarshe, Najeriya ta doke Ajantina 3 da 2, da ƙwallayen Celestine Babayaro da Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike. Duk shekara ana sake ɗora wannan labari a faifai. Amma ranar 2 ga Agusta, kwana ɗaya kafin wasan ƙarshe, 'yar sanda Chioma Ajunwa ta yi dogon tsalle na mita 7.12 tun a yunƙurinta na farko, ta ciyo wa Najeriya zinarenta na farko a tarihin Olamfik. Ita ta riga kowa, amma sau da yawa sunanta a ƙarshen shiri yake zuwa.

Wani zai ce ai jama'a ƙwallo suke so, mai shiri kuma abin da kasuwa ke nema yake kawowa. Da gaskiyarsa, sai dai so ma koyonsa ake yi. Yaron da bai taɓa jin sunan gwani ba, ta ina zai fara ƙaunarsa? Wani kuma zai ce ba a iya tuna ranar da ba a rubuta ba. Nan ma akwai gyara. Damben gargajiya da kaka yake tafiya, bayan an kai amfanin gona gida, kuma da baki aka adana shi. Duk da haka sunan ɗan dambe Shago bai ɓata ba, domin mawaƙi Ɗan Anace ya ɗaure shi a waƙa. Ashe tunawa ba ta dogara da kwanan wata kaɗai ba.

Al'adar tana da amfani, matuƙar masu ita sun yarda cewa zaɓi suke yi. Ya kamata su faɗaɗa tabarmar ta ɗauki 'yan tsalle da 'yan dambe da 'yan kokawa, su kuma je wurin tsofaffin da suka ga karawar da idonsu, su naɗi bayaninsu tun suna raye.