Kilba Ya Hau Sama, Bai Bar Magaji Ba

A 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga wa Umaru Dembo littafinsa, Tauraruwa Mai Wutsiya. Labarin wani yaro ne, Kilba, da baƙon da ya zo masa daga sararin samaniya, Kolin Koliyo. Manazarta kan sa shi a sahun farko na ƙagaggun labaran kimiyya da Hausa. Abin da ke ci mini rai shi ne sahun bai yi tsawo ba.

Gwanintar Dembo tana cikin yadda ya ɗinka sabon ƙyalle da tsohon zare. Bahaushe ya daɗe da sanin yaron da aljani ya sura ya kai wata duniya. Tun 1934 Ganɗoki na Bello Kagara ya ratsa ƙasar aljanu da takobinsa, ga kuma Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, gwarzon da ƙarfinsa ya wuce na mutane. Dembo bai fasa wannan ƙwarya ba. Inda aka saba ganin aljani ya sa baƙon sama, inda aka saba ganin tsafi ya sa na'ura, mai karatu kuwa ya bi shi ba gardama, don turbar ba baƙuwarsa ba ce. Kuma jarumin yaro ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yaro yana da izinin tambaya da mamaki, abin da girma kan hana babba.

Irin wannan labari zane yake nema, ido na son ganin kumbon da taurarin. Amma mujallar zane a ƙasar nan ba ta cika nisan kwana ba. Powerman, baƙin jarumin da Turawan Ingila Dave Gibbons da Brian Bolland suka zana don kasuwar Nijeriya, daga 1975 zuwa 1977 kawai ya yi, da Turanci kuma. Zane na cin kuɗi: a biya mai zane, a sayi takarda mai kyau, a fito a kan kari. Da adabin kasuwar Kano ya taso a shekarun 1980, marubuci daga aljihunsa yake buga littafi, don haka hoto ya tsaya a bango. Soyayya ce ke da kasuwa. Masu rubuta abin al'ajabi kuwa, marubuta littattafan yaƙi, baya suka waiwaya, zamanin bokaye da sulke, ba su ɗaga kai sama ba.

A Wudil giɓin ya fi fitowa fili. Tun 2001 garin ke da jami'ar kimiyya da fasaha, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Ana koyar da lissafi da injiniyanci da Turanci, alhali a bakin kogi da daddare yaro na iya nuna maka Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta. Ga sunaye, ga ilimi, gari ɗaya, ba labarin da ya haɗa su. Yaron da ke ƙishin jarumi mai tashi sama waya yake ɗauka, ya kalli na Amurka, ko fim ɗin Indiya da aka sa wa muryar Hausa.